Kafin a Tambayi Nawa, a Tambayi Daga Ina



Duk ɗan kasuwar da ya daɗe a Apo ya san wata doka da ba a rubuta ta a ko'ina ba. Idan yaro ya zo maka da waya ko injin mota a rabin kuɗi, kafin ka taya sai ka tambayi inda ya samo. Wanda bai tambaya ba, ranar da hukuma ta tsaya a ƙofar shagonsa, "ban sani ba" ba za ta fisshe shi ba. Abin mamaki, tambayar da muke yi a kan ƙarfe ba mu cika yin ta a kan abu mai rai ba. Yaro ya dame mu yana son kyanwa ko tsuntsu, sai mu ga hoto a WhatsApp ko Jiji, mu tura kuɗi, ɗan aike ya kawo kwali mai huji. Shi ke nan, wai an saya.

Ajiye dabba a gida ba laifi ba ne. Bukhari ya ruwaito labarin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, kuma Manzon Allah (SAW) bai hana shi ba, har ma yakan tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha. Kyanwa kuwa, a Muwaɗɗa ta Imam Malik an nuna ba najasa ba ce, don tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. To, maganar yau ba ta halaccin riƙo ba ce. Maganar ita ce hanyar da dabbar ta biyo kafin ta iso hannunka, da kuma ko kuɗinka ya wanke ka daga abin da ya faru a hanyar.

Mu ɗauki aku, mai launin toka da jar wutsiya, wanda wasu alhazanmu ke son ratayewa a ƙofar falo don yana kwaikwayon sallama. Wannan tsuntsu ba na ƙasar Hausa ba ne. Gidansa kurmi ne, irin na Kuros Riba da Kamaru da Kwango, kuma a kogon manyan itatuwa yake ƙwai, 'yan kaɗan a shekara. Masu kama shi suna shafa danƙo a reshe, su ɗaure wani akun a gefe don kukansa ya jawo 'yan uwansa, ko kuma su hau itace su kwashe 'ya'yan daga sheƙa. Daga nan a cusa su a akwati, a yi kwanaki ana tafiya da su cikin zafi da ƙishirwa. Da yawa ba sa kaiwa kasuwa da rai. Wanda ka gani a keji, ragowar waɗanda suka mutu ne.

A Ghana, masu bincike sun gano cewa daga 1992 zuwa wajen 2015 an rasa fiye da kashi 90 cikin 100 na wannan tsuntsu. A watan Oktoba na 2016, a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg, ƙasashen duniya suka hana cinikin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa, kuma Najeriya na cikin waɗanda suka kawo shawarar. Tun kafin wannan taro da ƙarnoni, Abu Dawud ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu, ta zo tana faffaka fikafikai a kansu, sai Annabi (SAW) ya umarce su da su mayar mata.

Wani zai ce, "Malam, ai ba ni na kamo shi ba. An riga an kama, in ban saya ba ma mutuwa zai yi a hannun mai talla. Sayen nawa ceto ne." Wannan magana tana da nauyi, don tausayi ne ya haife ta, kuma tsuntsun da ke gabanka da gaske yana wahala. Amma mu 'yan kasuwa ne, mun san abin da ake yi da kuɗin kayan da suka tafi da wuri: saro wasu ake yi. Ka ceci ɗaya, kuɗinka ya koma kurmi ya kamo goma. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kuma aku kan rayu shekara 40 ko fiye, tsuntsu ne na garke, idan kaɗaici ya dame shi sai ya dinga fige gashin jikinsa. Yaron da ya yi kuka aka saya masa zai yi aure, akun na nan a keji.

Ba duk mai sayar da dabba ne azzalumi ba fa. Mai kiwon tantabara ko zomo da ke hayayyafa a gidansa, yana ba su abinci da ruwa, sana'a yake yi kamar kowa, kuma yana da iyali. Alamarsa ɗaya ce: ba ya jin haushi idan ka ce zai kai ka ka ga inda suke kwana. Wanda ya ce lallai sai dai ku haɗu a bakin titi, akwai abin da ba ya son ka gani.

Kyanwa ma ta shiga wannan kasuwa. Yanzu yayi ne a sayi mai dogon gashi da shafaffen hanci, wadda ake kira Persian, da kuɗin da zai biya wa yaro makaranta. Wannan shafaffiyar fuskar da ke burge mu, ita ce ke sa da yawansu wahalar numfashi da zubar hawaye, balle a zafin Abuja na watan Maris. Kuma don a yi saurin sayarwa akan raba 'ya'yan da uwarsu tun ba su kai mako 8 ba. Game da kuɗin kyanwa akwai hadisin Jabir a Sahih Muslim da ya tsawatar a kai. Mafi yawan malamai, har da na Malikiyya, sun halatta cinikin kyanwar gida, wasu kuma sun hana. Wannan fagen malamai ne, a tambaye su. Ni dai abin da ke ba ni mamaki shi ne mutum ya tsallake 'ya'yan kyanwa uku a ƙarƙashin mota a garejin Apo, ko a bayan rumfunan kasuwar Gudu, ya tafi ya tura kuɗi don a kawo masa wata. Waɗannan na ƙarƙashin motar, ɗaukarsu ba ta sa kowa ya je ya kamo wasu. Haka ma wadda kyanwar maƙwabciyarka ta haifa: ka san uwarta, ka san abin da take ci.

Sai dai ta titi tana da nata sharaɗi. Ciwon haukan kare yana kama kyanwa, kuma idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Don haka kafin yara su rungume ta, a kai ta wurin likitan dabbobi ya duba, a ba ta maganin tsutsa, a yi mata allurar rigakafi idan ta kai wata 3. Wanda kyanwa ko kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya shafa toka.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman, mu da muke zaman ci-rani. Yawancinmu a gidan haya muke, kuma ba kowane mai gida ne ke yarda da dabba ba. Da Sallah ta matso sai mu garƙame ɗaki mu nufi Kano, Katsina, Sakkwato ko Maraɗi, wani mako biyu, wani wata guda. Kowa a masallacin nan ya san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Kyanwa kan kai shekara 12 zuwa 15, wato Sallah wajen talatin ke nan. Kafin kwalin ya shigo gida, maigida da uwargida su zauna su ambaci sunan wanda za a bar wa makulli da kuɗin abincinta, kuma a je a tambaye shi ko ya yarda.