Kafin yatsa ya ja kunamar bindiga

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya haramta zubar da jini ba da haƙƙi ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, ran 4 ga Fabrairu 1999, a unguwar Bronx ta birnin New York a Amurka, ƴan sanda huɗu cikin farin kaya suka tsai da Amadou Diallo, saurayi ɗan ƙasar Gine, a ƙofar gidansa da dare. Ya sa hannu aljihu ya ciro jakar kuɗinsa, suka zaci bindiga ce. Harsashi 41 suka harba, 19 suka same shi, ya cika nan take. Babu makami a jikinsa.

Irin wannan gaggawa ta taɓa samun sahabi Usamatu ɗan Zaidu, Allah ya yarda da shi. A fagen yaƙi ya rutsa wani mutum, mutumin ya yi kalmar shahada, Usamatu ya soke shi bisa zaton tsoron makami ya sa shi faɗi. Annabi (SAW) ya yi ta maimaita masa zargi, ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyar mutumin ya duba. Buhari da Muslim sun ruwaito ƙissar. In zato bai zama uzuri ga sahabi cikin yaƙi ba, ina ga ɗan sanda cikin unguwa?

Sai dai mu yi adalci: ɗan sanda ma rai gare shi, kuma cikin daƙiƙa guda yake yanke hukunci. Don haka nauyin yana kan hukumar da ta horar da shi, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Koyon saiti kaɗai bai isa ba. A koya masa ja da baya, da neman mafaka, da bayyana kansa, da yin gargaɗi a sarari. A riƙa gwada shi da yanayi iri-iri, har da wanda daidai a cikinsa shi ne ƙin harbi, sai haƙuri ya zame masa jiki. Ƙa'idojin da taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da su a Habana a 1990 sun ce ba a harbin kisa da gangan sai in babu wata hanyar tsare rai.

Mu kuma, in an tsai da mu, mu natsu, mu bar hannuwanmu a fili.

Allah ya tsare hannuwanmu daga jinin bayinsa, amin. Wassalamu alaikum.