Gadon Sarauta da Shawara: Darasi Daga Karaye da Rogo

Godiya ta tabbata ga Allah, Mamallakin mulki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a cikin shekara biyar kacal mutanen Karaye da Rogo sun ga an juya sarautar ƙasarsu har sau uku. Kafin 2019 suna cikin masarautar Kano mai ƙananan hukumomi 44. A watan Mayu na 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a dokar da ta kafa masarautun Bichi da Rano da Gaya da Karaye, Alhaji Ibrahim Abubakar na Biyu ya zama sarkin yanka mai daraja ta ɗaya. Ran 23 ga Mayu, 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a wata dokar da ta rushe su. A watan Yuli na shekarar nan aka sake kafa masarautar Karaye da daraja ta biyu, ta ƙunshi Karaye da Rogo kawai, aka naɗa Alhaji Muhammad Maharaz, wanda a da shi ne Hakimin Rogo.

Wannan al'amari ya tayar da tsohuwar gardama a zaurukan malamai da majalisun samari. Waɗansu suka ce tunda Nijeriya ta zama jamhuriya tun ran 1 ga Oktoba, 1963, ai ba sauran dalilin riƙe sarautar gado, a bar wa zaɓaɓɓu fili kurum. Waɗansu kuwa suka ce sarauta ita ce asali, 'yan siyasa baƙi ne masu wucewa. Kowane ɓangare yana jingina maganarsa ga addini, saboda haka ya wajaba a duba abin da addinin ya zo da shi.

Masu riƙo da gado sukan kafa hujja da cewa Annabi Sulaimanu ya gaji Annabi Dawuda, Allah kuwa bai zargi mulkinsu ba. Haka ne. Amma a cikin Suratul Baƙara an ba da labarin Annabi Ibrahimu lokacin da ya roƙa wa zuriyarsa shugabanci, aka sanar da shi cewa azzalumi daga cikinsu ba shi da rabo. A surar nan kuma aka ba da labarin Ɗalutu, wanda manyan Banu Isra'ila suka raina don ba shi da dukiya, suna ganin su suka fi cancanta, aka nuna musu cewa an fifita shi da ilmi da ƙarfin jiki. Watau jini ba ya hana mutum shugabanci, ba ya kuma wajabta masa shi.

Haka magabata suka fahimta. Sayyidina Abubakar shawarar sahabbai ce ta tsai da shi. Sayyidina Umar da ajali ya gabato sai ya bar al'amarin a hannun mutum shida, ya sa ɗansa Abdullahi ya zauna da su, bisa sharaɗin ba shi da rabo a halifancin. Gado ya fara ne sa'ad da Mu'awiya ya karɓar wa ɗansa Yazidu mubaya'a, manya irin su Husaini ɗan Ali da Abdullahi ɗan Zubairu suka ƙi, abin da ya biyo baya a Karbala a shekara ta 61 bayan hijira kuwa ba ɓoyayye ba ne. Duk da haka, daga cikin gidan Banu Umayya ɗin nan Umar ɗan Abdul'azizu ya fito, wanda har gobe ake misali da adalcinsa.

A ƙasar Hausa ma, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa hawa sarauta ta hanyar gado da fin ƙarfi, ba tare da shawara ba, cikin ayyukan da ya zargi sarakunan zamaninsa da su. A lura da kyau, abin zargin shi ne jefar da shawara. Bayan rasuwarsa a 1817 ɗansa Muhammadu Bello ya hau, malami ne mai tarin wallafe-wallafe, jama'a suka yi masa mubaya'a. A Kano, tun hawan Ibrahim Dabo a 1819 sarauta ba ta bar gidansa ba. Gidan ya fid da sarakuna na kirki, amma kuma rikicin gado a cikinsa ne ya haifi yaƙin Basasa, da aka naɗa Tukur a 1893 magoya bayan Yusufu suka ƙi. Wanda ya ce gado kullum zaman lafiya yake kawowa, to, bai karanta tarihin garinsu ba.

To, jamhuriya fa? Amfaninta a fili yake, domin tana ba talaka hanyar tuɓe shugaba ba tare da zub da jini ba, wannan kuwa ya yi kusa da manufar shawara da Alƙur'ani ya yabi muminai da ita. Sai dai suna ba ya wanke zalunci. Jamhuriyar da Nijeriya ta kafa a 1963 ba ta cika shekara uku ba soja suka kifar da ita a Janairun 1966. Siriya jamhuriya ake kiranta, amma da Hafiz Asad ya mutu a 2000 ɗansa Bashar ne ya gaje shi, bai kuwa sauka ba sai a Disamban 2024, bayan an hallaka ɗimbin bayin Allah. Ashe akwai gado marar rawani.

Idan aka komo gida, sai a tarar cewa gardamar ta ɗan kauce wa inda ciwon yake. Sarkin yau ba shi da kotu, ba shi da 'yan doka, ba shi da gidan yari, domin an karɓe su daga hannun En'e tun zamanin mulkin soja na Janar Yakubu Gowon, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa sauran. Tsarin mulkin 1999 bai yanka wa sarakuna wani aiki ba. Mai iko na haƙiƙa shi ne zaɓaɓɓen Gwamna da Majalisar Dokoki, su ke kafawa, su ke rushewa. An ga haka a zamanin Gwamna Abubakar Rimi, wanda ya ɗaga waɗansu sarakuna, Sabo Bakin Zuwo ya soke a 1983. An gani a 2020 da aka tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu, an kuma gani a 2024. Dokar 2019 da ta 2024 duka cikin 'yan kwanaki aka gama su. Waɗansu sun yi murna da ta farko, waɗansu da ta biyu, amma manomin Rogo a rediyo ya ji labarin duka biyun. Shawarar da Shehu ya zargi sarakunan da da watsarwa, yau ana iya watsar da ita da alƙalamin wanda aka zaɓa.

Saboda haka abin da ya fi kusa da daidai shi ne a riƙe sarauta, amma a ɗaure ta da sharuɗɗa, a ɗaure mai naɗa ta. A riƙe ta domin tana yin aikin da babu mai yinsa. Ƙasar Rogo tana iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, mai unguwa da dagaci su ne suka san baƙon da ya sauka jiya. Su ne suka san iyakar gonar marayu, su ne makiyayi da manomi kan kai wa ƙara kafin rigima ta kai ga 'yan sanda. Kansila yana da wa'adi da jam'iyya, dagaci kuwa a garin za a binne shi.

Sharuɗɗan uku ne. Na farko, masu zaɓen sarki su ɗauki wanda ya fi ilmi da adalci a cikin gidan, ko da ba shi ne babba ko mai kuɗi ba. Na biyu, kada a tuɓe sarki sai da laifi sananne, bayan an saurare shi a gaban masu shari'a, sa'an nan kada a kafa masarauta ko a rushe ta sai an je Karaye da Rogo an zauna da malamai da dagatai da manoma an ji ta bakinsu. Na uku, sarki ya tsame kansa daga jam'iyya, domin wanda ya hau dokin wani, ranar da mai doki ya so zai sauke shi.

Wanda ya gaji rawani da wanda ya ci ƙuri'a duka makiyaya ne, kowannensu kuwa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo a ranar da nasaba ba ta amfani. Allah Ya ba shugabanni ikon yin adalci, Ya ba talakawa ikon faɗin gaskiya cikin ladabi, Ya zaunar da ƙasar Kano lafiya, amin.