HAƘURI BAI HANA TAMBAYA BA

Yau so nake mu yi magana a kan wata kalma da mace ta fi jin ta fiye da sunanta tun daga ranar da aka kai ta gidan miji, wato haƙuri. Kishiya ta ɓata miki rai, a ce ki yi haƙuri. Cefane ya gaza, ki yi haƙuri. An yi miki rasuwa, nan ma dai haƙuri. To abin da ya daɗe yana cin raina shi ne, idan mutum ya mutu farat ɗaya, babu ciwo babu jinya, shin haƙurin da aka umarce mu da shi ya haɗa da rufe baki, ko kuwa muna da damar mu ce me ya jawo?

Rasuwar da ta jefa ni cikin wannan tunani ita ce ta Hajiya Bilkisu Yusuf, Allah Ya jiƙanta da rahama. Mu da muke ɗan taɓa alƙalami uwa muke ɗaukar ta a wannan sana'a, domin kuwa ita ta share mana hanya. An haife ta a shekarar 1952, ta yi karatun kimiyyar siyasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta ƙaro ilmi a Amurka, sannan ta rungumi aikin jarida a zamanin da ko karanta jarida ma ana ganin na maza ne. A 1983 ta zama edita ta jaridar Sunday Triumph a Kano, daga nan ta riƙe New Nigerian a Kaduna, a 1990 kuma tana cikin waɗanda suka tayar da mujallar Citizen. Tana cikin matan da suka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a 1985. A ƙarshen rayuwarta kuwa, babban abin da ta sa a gaba shi ne yaƙi da mutuwar mata wajen haihuwa.

Ko kin san aikin edita? Shi ne wanda duk labarin da za a buga sai ya bi ta hannunsa. Ɗan rahoto ya kawo labari, edita ya dube shi ya ce wa ya faɗa maka, yaushe abin ya faru, mutum nawa ne, ka ji ta bakin ɗaya ɓangaren? In babu amsa, labari ba ya fita. Kin ga ke nan baiwar Allah nan ta yi shekara da shekaru abincinta ke nan, tambaya.

Ran Alhamis 24 ga Satumba 2015, ranar Babbar Salla, muna nan ana fama da naman layya, sai rediyo ya fara kawo labarin turmutsitsi a Mina. Ayarin alhazai biyu ne suka yi kiciɓis a mahaɗar wasu tituna a hanyar zuwa jifan Shaiɗan, ga tsananin zafi, na gaba ba su da wurin tsayawa, na baya kuma suna ta turowa. Hukumar Saudiyya ta ce mutum 769 suka rasu, amma da kamfanonin labarai suka tattara lissafin da kowace ƙasa ta bayar na mutanenta, sai adadin ya haura 2,000. Hajiya Bilkisu na cikinsu, tana da shekara 62. Lafiyarta ƙalau ta bar gida. Babu sallama, babu wasiyyar bakin gado, babu ma gawar da za a kawo a yi wa sutura, tunda wanda ya rasu a can a can ake binne shi.

To a nan ne fa bakin mutane ya rabu biyu. Wasu suka ce kai, wannan ai mutuwar gata ce, cikin harami, a ƙasa mai tsarki, ranar Salla, duk wanda ya tsaya bincike yana jayayya ne da hukuncin Allah. Wasu kuma suka ce a'a, sai an faɗa mana yadda aka yi hanya ta toshe. Ni kuwa da na zauna na auna, sai na ga kowannensu ya kama gefe ɗaya ne na zane, alhali zane ba ya ɗauruwa da gefe ɗaya.

Gaskiya ne ajali ba ya gaba ba ya baya. Da a ce ba ta je Makka ba a waccan shekarar, da kwananta ya ƙare a inda take. Wannan imani shi ke sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi, shi ke hana mace ta yaga tufafinta ko ta faɗi maganar da za ta yi nadama. Wanda ya raba ki da wannan imani ya cuce ki. Amma fa ajali daban, sanadi daban. Ajali na Allah ne Shi kaɗai, ba a tambayar Sa. Sanadi kuwa sau da yawa a hannun 'yan Adam yake, su kuwa 'yan Adam ana tambayar su, tun a nan duniya kafin a je can.

Malamai suna ba mu labarin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, lokacin da ya nufi ƙasar Sham sai aka tare shi a hanya da labarin annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da sahabbai, ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Sai Umar ya buga masa misali da makiyayin da ya iso kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya fako. Duk gefen da ya kora raƙumansa, da ƙaddarar Allah ya kora su, amma mai hankali ya san gefen da zai zaɓa. Ki lura, babu wanda ya ce imanin Umar ya yi rauni don ya kauce wa annoba.

Ita kanta Minar ta isa misali. A 1990 mutum 1,426 suka rasu a cikin hanyar ƙarƙashin dutse, a 2006 kuma fiye da 300 suka rasu a wurin jifa. Bayan wannan ne aka rushe tsohuwar gadar jifa aka gina sabuwa mai hawa-hawa, mai ƙofar shiga daban ta fita daban. Da kowa ya ce ƙaddara ce ya ja bakinsa ya yi shiru, da wa zai yi tunanin gina ta? Waɗanda suka yi tambayar nan ba su dawo da ko mutum ɗaya ba, amma Allah kaɗai Ya san iyayen mutum nawa suka koma gida lafiya ta dalilinsu.

Yanzu bari mu dawo gida, domin ba don Makka na ɗauko wannan zance ba. Mu nan Riruwai kowa ya san masu haƙar kuza. Wanda zai shiga rami ya san rai na hannun Allah, amma ba ya shiga sai ya duba bakin ramin, in damina ta jiƙa ƙasa kuma ya ƙara kula. Babu mai ce masa ya rasa tawakkali. To don me idan aka zo kan ran mace sai a ce tambaya rashin haƙuri ce?

Mutuwar farat ɗaya da ta fi yi mana ɗauki ɗai-ɗai, mu mata, ita ce ta wajen haihuwa. Da safe kin gan ta tana shara, da daddare an ce ta cika. A je gidan gaisuwa a ce kwana ne ya ƙare, a sha kunu a watse, bayan wata shida a maimaita a gidan maƙwabta. Alhali ma'aikatan lafiya sun daɗe da gano cewa jinkiri uku ne ke cinye yawancin matan nan. Na farko jinkirin yanke shawara a gida, ana jiran maigida ya dawo daga gona ko kasuwa ya ba da izini, ana ta jiƙe-jiƙe. Na biyu jinkirin hanya, kuma wanda ya taɓa neman mota da tsakar dare a garuruwanmu na bayan dajin Falgore ba sai an yi masa bayani ba. Na uku jinkirin samun kulawa bayan an isa, ko babu jini, ko babu kuɗi a hannu. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa biyu. Kumburin fuska da ƙafa da ciwon kai mai tsanani ga mai ciki kan zama alamar jijjiga na tafe, kuma awon ciki na iya gano hawan jinin tun da wuri. Irin wannan magana ce Hajiya Bilkisu ta ƙarar da ƙarfinta a kai.

Sai dai kuma a yi hattara, don tambaya ma iri biyu ce. Akwai wadda mu mata muka fi ƙwarewa a kai, wato wa ya yi mata? Nan da nan a ce kishiya ce, ko tsohuwar nan ta bayan gida mayya ce, a tafi wurin boka ya ƙara wa wuta fetur, zumuncin shekara talatin ya watse a kan zato. Wannan ba ta hana mutuwa ta gaba, sai ma ta ƙara zunubi a kan baƙin ciki. Wadda nake nufi ita ce irin ta edita: ƙarfe nawa naƙuda ta fara, ƙarfe nawa aka fita da ita, me ya tsayar da su, me za a tanada don kada a sake? Ita wannan ba ta neman wanda za a tsine wa, gyara take nema.

Kuma komai da lokacinsa. Ba a shiga gidan makoki a tsare uwar mamaciya da tambayoyi tana cikin hawaye, wannan rashin tausayi ne. Kwana ukun nan na addu'a ne da ban haƙuri. Amma idan an share makoki, hankali ya dawo jiki, to a zauna a yi maganar, a tsakar gida, a makarantar Islamiyya, a wurin adashi. Ke mai ciki, ki nemi izinin maigida tun cikin yana wata uku, cewa ko ba ya nan in abu ya taso a wuce da ke asibiti. Ki faɗa masa cikin ladabi, lokacin da ransa ke sanyi, a gaban uwarsa in da hali. Ki ware wani abu daga kuɗin adashinki ki ce wannan na mota ne, ba na atamfar suna ba. A san direban da za a buga wa ƙofa, a san ɗan uwan da zai ba da jini. Ke budurwa kuma, kada ki yar da karatunki don an sa miki rana, domin wadda ta iya karanta katin awonta ta fi wadda sai an karanta mata.

A ganina wannan shi ne makokin da ya dace da mace irin Hajiya Bilkisu. Kuka ya halatta, yabo ma ta cancance shi, abokan aikinta kuma sun yi mata shi a jaridu daidai gwargwado. Amma wadda ta rayu tana tambaya saboda rayukan mata, ba ƙaramin butulci ba ne a ce mu matan mu raka ta da shiru. Mu miƙa wa Allah abin da yake naSa, mu kuma riƙe namu da hannu biyu.

Allah Ya jiƙan Hajiya Bilkisu Yusuf da dukkan waɗanda suka rasu tare da ita, Ya sauki masu ciki lafiya, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani, amin.