Wa Ya Fi Jaruntaka: Wanda Ya Tafi Ko Wanda Ya Zauna?

A ranar 15 ga watan Maris na 1903 sojojin Turawa suka karya rundunar Sakkwato a filin Giginya, manyan daula kuma suka rabu gida biyu. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya nufi gabas da niyyar hijira, jama'a suka dafa masa baya, har ya yi shahada a Burmi cikin watan Yuli na wannan shekara. Waziri Buhari kuwa ya ja da nasa mutanen zuwa Marnona ta ƙasar Wurno, ya nemi shawarar malamai, sa'an nan ya koma birni ya yi sulhu da Turawa.

In muka ba yara wannan labari a aji, kusan dukkansu Attahiru suke zaɓa. Ba mu ga laifinsu ba, gama zuciyar ɗan Adam tana son wanda ya mutu da takobi a hannu. To, amma shi Waziri tsoro ne ya tsayar da shi? A wasiƙar da ya rubuta wa ma'abota ilmi ya nuna abin da ya dame shi: in duk masana suka watse, wa zai riƙe wa talakawa addininsu, alhali mafi yawansu ba su da guzurin tafiya? Ya zauna, ya haɗiye zargi, ya rayu da damuwar abin da ya yi. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Wannan tambaya ta sake dawowa ƙasar nan. A Yulin 2018 'yan bindiga suka auka wa Tabanni ta ƙasar Rabah, waɗanda suka tsira suka kwarara Gandi. A Oktoban 2021 aka kashe mutum fiye da 40 a kasuwar Goronyo. Manomi ya sami kansa a tsakanin zaɓi biyu, kowanne da ɗaci: ya bar gonar kakanninsa ya zama ɗan gudun hijira, ko ya zauna ya biya kuɗin da azzalumai suka aza masa kafin ya girbe geronsa. Mu kuma da muke kwana cikin birni, bakinmu ya fi kowa kaifi. Wanda ya tafi mu ce ragon maza ne, wanda ya zauna mu ce bakinsu ɗaya da ɓarayi. Alhali kuwa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A ganinmu, ma'aunin jaruntaka shi ne nauyin da mutum ya ɗauka domin wasu. Wanda ya goya tsohuwarsa ya ratsa daji da dare jarumi ne. Wanda ya zauna don kada makafi da marayun gari su rasa mai noma musu, shi ma jarumi ne. Sai dai akwai iyaka. Duk wanda ya nuna wa azzalumi ƙofar maƙwabcinsa domin ya tsira da shanunsa, ya fita daga sahun Attahiru, ya fita daga na Waziri.

Saboda haka, 'yan'uwa marubuta, kafin mu ɗauki alƙalami mu yanke wa wani hukunci a labari ko a waƙa, ya kamata mu je Gandi ko Goronyo mu zauna da shi, mu tambaye shi su wa ke rataye a wuyansa ranar da ya yanke shawara. Allah Ya kawo mana zaman lafiya, amin.