SAI AN DUƘA SHARA KE FITA?

'Yan'uwana mata, akwai maganar da ke yawo a gidajenmu na Daura, har ƙauyukan Sandamu da Mai'aduwa. Wai duk matar da ke shara a tsaye da tsintsiya mai doguwar sanda, malalaciya ce, ko kuma girman kai gare ta. Amarya ta zo da ita cikin kayan ɗaki, uwar miji ta taɓe baki ta ce, "'Yan zamani ke nan, ko duƙawa ba sa iyawa."

To wai shin wahala ake nema ko tsafta?

Kowace tsintsiya da gurinta. Ta laushi ta tsakar ɗaki ce. Ta kwakwa gajera ce, ita ke shiga lungu da ƙarƙashin gado, ita ke wanke makewayi. Mai doguwar sandar nan kuwa bakinta faɗi gare shi, jan ɗaya sai ta kwashe abin da gajera za ta yi sau uku. Ita ta dace da tsakar gida, zaure da ƙofar gida, inda ganyen darbejiya ke zuba. A fara yayyafa ruwa dai, musamman lokacin hunturu, don kada ƙura ta tashi.

Ku dubi mai ciki wata takwas, ga goyo, ga girki, kullum tana duƙe tun asuba. Ciwon bayan da za ta kwasa, wa zai ɗaukar mata?

A 1985 gwamnatin Janar Buhari, ɗan garin nan, ta sa tsaftar muhalli cikin yaƙi da rashin ɗa'a. Abin da ake dubawa shi ne gida da kwata sun fita fes. Ba wanda ya tambaya a duƙe aka share ko a tsaye.

Na fahimci tsoron iyayenmu. Gani suke wadda ba ta duƙa wa shara ba, gobe ba za ta durƙusa ta gaishe su ba. Amma ladabi a zuciya yake, ba a ƙugu ba. Sau nawa aka ga mai shara a duƙe tana zagin mutan gidan ƙasa-ƙasa?

Don haka ƙanwata, ki durƙusa ki gaida Inna, ki miƙe ki yi shararki a tsaye. Ke kuma Inna, ki duba tsakar gidan, kada ki duba bayanta.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a ɗakunanmu, amin.