Sabon Tambari a Ƙofar Baduku

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Idan haka abin yake ga ɗan Adam, to yaya yake ga rumfar sana'a? Tambayar ta taso ne saboda abin da ake gani a Damagaram, Maraɗi, Tawa da Yamai. Rumfar da aka sani shekara da shekaru da sunan mai ita kawai, sai a wayi gari an kafa mata allo mai launi, an raɗa mata sabon suna, an zana mata tambarin da za a riƙa bugawa a jikin kowace jaka da kowane takalmi. Galibi ɗa ne ko jika, wanda ya yi boko ya iya kwamfuta, ke kawo shawarar. Uba kuwa yakan yi shiru, ya ci gaba da huda fata da basilla, yana tambayar kansa ko gyara aka yi wa gadonsa, ko kuwa lulluɓe shi aka yi.

Damuwar dattijon tana da tushe. A tsarin da ya gada, baduku ba ya bukatar allo, domin aikinsa ne shaidarsa: fatar da majemi ya jeme da bagaruwa, jan karan dafi, baƙin kuloko, da ɗinkin da ba ya warwarewa. Mai saye ya san gidan, ya san uban mai gidan, ya kuma san akwai sarkin dukawa da za a kai wa ƙara. Idan gafaka ta yage kafin lokacinta, an san ƙofar da za a yi wa sallama. Ga wanda ya tashi cikin wannan tarbiyya, rubuta suna da manyan baƙaƙe ya yi kama da yabon kai, wanda magabata suka ce jahilci ne.

Sai dai tarihin fata ya nuna cewa shiru ma yana da tsada. Tun ƙarnonin da suka wuce ayari ke ɗaukar jemammiyar fatar jar akuya, irin ta Sakkwato da Maraɗi, daga ƙasar Hausa, su ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka. Daga can ta shiga Turai, inda aka yi bangon littattafai da ita, aka kuma haɗa ta da sauran fatu a ƙarƙashin sunan fatar Maroko. Har yau kalmar da Faransanci ke kiran sana'ar kayan fata da ita, wato maroquinerie, daga sunan Maroko ta samo asali. Makiyayin da ya yi kiwo da majemin da ya sha warin rijiyar jima ba su fito a cikin sunan ba. Wanda bai sa wa aikinsa suna ba, dillali zai sa masa nasa.

Ga kuma kasuwa da ta sauya. An yi zamanin da baƙi ke zuwa da ƙafarsu har gaban masu sana'a, a gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe a Yamai a 1959, ko a unguwar Birni ta Damagaram, ko a wurin maƙeran Agadas. Tawayen da ya ɓarke a arewa a 2007, da soke tseren Dakar a 2008, da sace ma'aikata a Arlit a 2010, sun sa wannan hanya ta tsuke. A gida kuma takalman roba da jakunkunan kamfani masu araha sun cika kasuwa. Mai saye na yanzu sau da yawa a fuskar wayar salula yake fara ganin kaya, bai san gidan ba, bai san uban mai gidan ba. Aikin da bakin maƙwabta ke yi a da, na yi wa mutum shaida, shi ne ake neman tambari ya yi a yau.

Ke nan ba tsakanin tsoho da sabo gardamar take ba. A kan gaskiya take. Tambari alkawari ne: yana cewa wannan hannu ne ya yi, a wannan gari, da wannan fata, kuma in an ga aibi ga wanda za a tuhuma. Sabuwar fuska tana halatta muddin ta ɗauki wannan alkawari, tana kuma zama yaudara idan ta karya shi.

Hanyoyin karya shi uku ne. Ta farko ita ce ɓoye hannun da ya yi aikin, a fito da sunan ɗan kasuwa ko na mai zanen tambarin, baduku ya koma ɗan ƙodago a rumfar ubansa. Ta biyu ita ce ado da kayan aro: a liƙa hoton raƙumi ko sarƙar azurfa ta Agadas a kan aikin Bahaushen Damagaram don an ga shi ne baƙi ke so, ko a ƙirƙiro wa rumfa shekarun da ba ta yi ba. Wannan zalunci biyu ne, ga maƙeran Abzin da aka ɗauki alamarsu, da ga dukawan da aka nuna kamar ba su da tasu; kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Ta uku ita ce a buga kyakkyawan tambari a kan roba, a sayar da sunan fata.

Mai zanen da ke son ya yi daidai sai ya fara zama almajiri a rumfar. Ya dubi adon da gidan ya saba yi a jikin alabe da kube, ya dubi zanen bangon gidajen Birni, ya ɗauki launinsa daga rinin da ake amfani da shi a wurin. Ya bar sunan Hausa a gaba, ko da za a bi shi da Faransanci, kuma ba laifi ajami ya zauna kusa da boko, tunda shi ne rubutun da dattijon ke iya karantawa. Allon da mai rumfa ba ya iya karantawa, da wuya a ce nasa ne.

Akwai masu ƙorafin cewa tambari shinge ne, alhali adon gargajiya na kowa ne. Ƙorafin yana da ƙarfi. Dagi, alal misali, ba wanda zai ce kakansa kaɗai ya ƙago shi. Amma da bambanci tsakanin wanda ya ce shi ya yi wannan jaka da wanda ya ce shi kaɗai ke da ikon yin irinta. Na farko ɗaukar nauyi ne, na biyu kuwa handame gadon jama'a ne. Doka ma ta san wannan bambanci. Hukumar OAPI, wadda aka kafa bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977, mai mazauni a Yawunde, kuma Nijar na cikinta, tana rajistar tambarin mutum guda, tana kuma rajistar tambarin haɗin gwiwa wanda ƙungiyar masu sana'a ke mallaka tare. Abin lura shi ne da sunan wa aka yi rajistar, domin nan ne ake cutar wanda bai yi boko ba.

A nan malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu ke da rawar takawa. Su ne za su iya karanta wa baduku takardar kafin ya sa hannu, su kuma koya wa yara cewa su tambayi wanda ya yi abin da suka rataya a kafaɗa. Zamani riga ne, ba mai musun haka, kuma ɗan da ya kawo wa ubansa sabuwar riga bai yi laifi ba. Sharaɗin dai shi ne a ɗinka ta daidai jikin mai ita, yadda idan ya saka ta ya fito ƙofar rumfa, maƙwabtansa za su gaishe shi da sunansa.