Rijiyar da ke Cikin Gida

Ya kai mai karatu, a ƙasar Amurka, cikin jihar Indiyana, akwai wani ƙaramin gari ana ce da shi Fountain City. A nan akwai wani gida na jan bulo wanda aka gina a shekarar 1839. Yau ya zama gidan tarihi, mutane suna zuwa kallo.

In ka shiga, za a gangara da kai ɗakin ƙasa, a nuna maka rijiya a cikin gidan. Sa'an nan a hau da kai bene, a nuna maka wata ƴar ƙofa wadda akan jawo gado a tare ta. Me ya sa aka yi haka?

Maigidan, Levi Coffin, mai kanti ne. Shi da matarsa Catharine suna cikin jama'ar masu bi da ake kira Kwekas, wato Abokai, waɗanda George Fox ya fara tarawa a Ingila wajen 1650. Sun gaskata cewa kowane mutum halittar Allah ne, ba haja ba. A zamanin nan kuwa ana bautar da baƙar fata a kudancin Amurka. Dokar 1793 ta sa tarar dala 500 a kan wanda ya ɓoye bawa. Duk da haka, daga 1826 zuwa 1847, bayi fiye da 1,000 masu gudu zuwa arewa suka sami mafaka a wurin mutanen nan biyu. Bayan ƴar ƙofar nan ake ɓoye su. Saboda rijiyar kuma, ba mai ganin yawan ruwan da ake ɗiba har ya gane akwai baƙi.

Ɗan'uwa, ba aikin kirki ke ceton mutum ba. Dukanmu bayi ne ga zunubi, Yesu Almasihu kaɗai ke ƴantarwa, ta wurin mutuwarsa da tashinsa (Yahaya 8:34-36). Amma wanda Ubangiji ya buɗe wa ƙofa, yaya zai kulle tasa? A Matiyu 25 Yesu ya nuna cewa abin da aka yi wa baƙo da mayunwaci, shi aka yi wa.

To, kai fa? Watakila rumbunka bai cika ba bana. Amma in wanda ya gudo daga tashin hankali ya yi sallama da dare, kana da tabarma, da ruwa a randa, da ɗan fura. Ƴaƴanka suna kallon abin da za ka yi.

Durƙusa da iyalinka yau, ku roƙi Yesu ya ƴantar da ku daga zunubi, ya kuma ba ku zuciyar karɓar baƙo. Amin.